Treesa Ta Ce Sunanta Chandy

Pala, 9 ga Yuni

Aleyamma,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, aikin asibiti kuma bai fi ƙarfinki ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar uwata Ammachi da ta tashi tun saukar ruwa. Man da kika aiko mata ta ce na Turawa ne, bai san ƙashin mutanen Pala ba, ta koma wa man kwakwarta. Damina ta zo da ƙarfi bana. Yau kwana shida ban tsaga itacen roba ko ɗaya ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda, mu da muke waya kowace Lahadi. Kin san uwata. Ba ta jin ƙararrawar coci, amma da na rage murya a waya sai kunnenta ya warke. Wayar kuma 'yarmu Treesa ce ta saita min ita, ta fi ni sanin abin da ke ciki. Wannan maganar ba na so ta bi ta hannun kowa.

Kin tuna da kika ga Treesa a waya ta aske gashinta, kika yi faɗa, na ce miki zafi ne? Ba zafi ba ne.

Mako uku da suka wuce muna jera faifan roba a ɗakin hayaƙi, ni da ita, sai ta ce, "Appa, zauna tukuna, zan faɗa maka wani abu." Na ce, "Jarrabawar kika faɗi?" Ta ce, "Da ma ita ce, da da sauƙi." Na ce, "Wane ne yaron? Ɗan cocinmu ne dai ko?" Sai ta yi dariya, irin dariyar da hawaye ke biyo bayanta. Ta ce, "Appa, babu wani yaro. Ni ne yaron."

Aleyamma, ban gane ba. Har yanzu da nake rubuta miki ban gane ba. Ta ce tun tana aji uku take jin haka, ta ce duk ranar da aka sa mata siket ji take kamar an aro ta an kai ta gidan wasu. Ta ce ta yi addu'a shekara da shekaru Allah ya cire mata, bai cire ba. Ta yi magana mai tsawo. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, "Je ki ɗora ruwan shayi." Ta tafi ta ɗora.

Sai daga baya na tuna tun Ista ba ta shiga ɓangaren mata a coci. A bakin ƙofa take tsayawa, wajen takalma, wai iska take sha.

Na je wurin limamin cocinmu, Fada Kuriakose. Ya ce Allah ba ya kuskure wajen halitta, jiki kyautarsa ce, ba riga ba ce da za a kai wa tela. Ya kuma ce kada in ɗaga mata hannu, kada in bar kowa ya mai da ita abin dariya. Da na gaya masa ba ta cin abinci, tana yini a ɗaki, sai ya ce wannan kam aikin likita ne. Na kai ta wurin wata likita a Kottayam. Suka shige ciki su biyu kusan awa guda, ni ina waje ina kallon bango. Ta rubuta mata magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ta ce sai bayan mako huɗu zuwa shida za mu fara ganin canji.

Ke ce kika yi karatun jinya, ni roba kawai na sani. Ki gaya min, ciwo ne wannan? Zunubi ne? Ko abin da yara ke gani a waya ne, zai wuce? A watan Satumba za ta cika sha takwas.

Ammachi ba ta sani ba. Ki ba ni amsa a takarda.

Mijinki,
Korah


Preston, 1 ga Yuli

Ichaya,

Ina gaishe ka maigidana, ina gaida Ammachi. Ka ce mata ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kaina da ke ciwo tun ranar da takardarka ta iso.

Ichaya, me ka yi? Mako uku ka san magana irin wannan, muna waya kana ba ni labarin farashin roba. Sannan ka ɗauki 'yata ka kai wa likitar da ban sani ba, ta gan ta awa ɗaya tak, ta ɗora ta kan magani, har tana muku alkawarin za ku ga canji nan da mako shida? Wane canji? Muryarta? Gemu? Ka san in murya ta fashe ba ta komawa? A ɗakin hutu na karanta layin nan, sai da wata abokiyar aikina ta karɓe kofin da ke hannuna.

Bari in gaya maka abin da na sani, ko da yake ba shi da yawa, ni tsofaffi nake jinya. A nan Ingila an yi babban bincike a kan yara masu irin wannan halin. Rahoton ya ce hujjar da ake da ita a kan magungunan canza jiki ba ta da ƙarfi, ba a bi yaran shekaru masu yawa an ga yadda suka ƙare ba. Saboda haka asibitocin gwamnati suka ja baya. Na buga shafuka kusan sittin na karanta a bas. Na ce to, ga amsa.

Sai na tambayi likitoci biyu a sashenmu, na ce 'yar maƙwabciyata ce. Babban, wanda ya kusa ritaya, ya ce, "Da ɗana ne, zan ce a jira. Ba mu san isasshen abu ba." Ƙaramar kuwa ta ajiye cokalinta ta ce, "Rashin hujja mai ƙarfi ba ya nufin abin ba ya aiki. Manyan ƙungiyoyin likitoci a wasu ƙasashe suna goyon bayansa. Jiran ma ba kyauta ba ne, akwai yaran da jira ke cinyewa." Suka kama musu a kaina, suka manta da ni. Dukansu likitocin kirki ne, na ga yadda kowannensu yake riƙe hannun mai mutuwa. Na tashi na bar su ban san wanda zan bi ba.

Kuma rahoton ya fi magana a kan yaran da ba su gama balaga ba. Treesa ta wuce nan. To ita a wane shafi take? Na nema ban gan ta ba.

Ka tambaye ni ko zunubi ne. Ni na haife ta, ni na riƙe ta ranar baftisma, mace Allah ya ba ni. Wannan na sani. Amma na kwana biyu ina tuna yadda ta riƙa kuka ranar da ta fara cin jibin Ubangiji saboda farar rigar nan, har na mare ta a bayan coci. Shekara bakwai ina nan ina wanke iyayen wasu. Ko da ina gida da hakan bai faru ba? Kada ka ba ni amsar wannan.

Ga abin da nake so ka yi. Kada ka bar ta ta sha komai. Ko ƙwaya ɗaya. Ka karɓe, kada kuma ku koma wurin matar nan har sai na zo a Disamba na ga komai da idona. Wata biyar ba zai kashe kowa ba.

Ranar Lahadi zan yi magana da ita kamar ban san komai ba. Ban san yadda zan iya ba.

Aleyamma


Pala, 14 ga Agusta

Aleyamma,

Gaisuwa da fatan alheri. Ammachi tana gaishe ki, gwiwa ta yi sauƙi. Ruwa ya ɗan tsagaita, na koma gona.

Na yi yadda kika ce. Ranar da takardarki ta zo na karɓe maganin na zuba a rami bayan kicin. Treesa ta biyo ni tana cewa, "Appa, wannan ba abin da kake zato ba ne, ka kira likitar ka tambaya." Na ce, "Uwarki ma'aikaciyar jinya ce, ta ce a daina." Ta ce, "Ashe uwata Amma ta sani? Duk Lahadin nan da take tambayata ko na ci abinci, ta sani?"

Abin da ya ɗaure min kai, kafin in karɓe ta fara dawowa. Tana cin rogo da kifi har da ƙari, ta gyara wa Ammachi rediyo. Bayan na karɓe da kwana huɗu sai jiri, sai amai, sai kuka ba dalili. Na ce a raina wataƙila mugun abin ne yake fita daga jikinta. Yanzu ta koma ɗaki. Ban ga gemu ba, muryarta kuma tana nan yadda take. Wane canji kike tsoro ne? Ni na ɗauka canjin da likitar ke nufi shi ne ta daina kwanciya.

Fada ya shirya taro a zauren coci a kan wannan batun, bai ambaci sunan kowa ba. Ya gayyato wani likita mai tsoron Allah daga Ernakulam. Mutumin ya nuna hotuna a bango, ya ce yara da yawa abin yana barinsu in an ƙyale su, ya ce akwai waɗanda suka yi allura da tiyatar canza jiki suka dawo suna nadama. Na ji sanyi a raina. Sai wata Sista, tsohuwa, wadda ta yi shekara talatin a asibitin mishan, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Likita, binciken da kake faɗa na ƙananan yara ne, kuma ya tsufa. Wanda ya kai sha bakwai yana faɗin abu ɗaya fa?" Ya ce wannan ba a tabbatar ba. Ta ce, "To kai ma ba ka tabbatar ba ke nan." Ya ce, "Sista, koyarwar coci ba ta jiran bincike." Ta ce, "Na yarda. Ni dai na wanke gawar biyu daga cikinsu da suka kashe kansu, shi ya sa nake tambaya." Fada ya ce a tashi a sha shayi.

A hanyar gida mutanen kwamitinmu na coci suna ta dariya, wani yana cewa in nasa ne, sanda ɗaya ta ishe shi magani. Ni ma na yi dariyar, Aleyamma. Na ji kunyar kaina har na kasa cin abinci.

Akwai wani abu kuma. Na tsinci littafinta na makaranta, ta soke sunanta a bango ta rubuta Chandy. Sunan mahaifina. Na ce, "Duk sunayen duniya ki rasa na ɗauka sai wannan?" Ta ce, "Da namiji kuka haifa, ba shi za ku sa ba? Nawa ne, na karɓi abina." Ashe Ammachi tana bayan labule. Ta fito da sandarta ta ce, "Shekara arba'in da biyu ina gidan mutumin nan ban taɓa kama sunansa ba, yanzu da tsufana za a sa ni in riƙa ƙwala shi a tsakar gida?" Ta juya ta ce min, "Kai kuma tun watan Mayu na sani, kana ta raɗa kamar ɓarawon kaza." Tun ranar ba ta kiran yarinyar da kowane suna, sai "ke, kai, zo ka ci."

Kwalin maganin yana aljihuna. Na kwafe miki sunansa a ƙasan takardar nan, harafi bayan harafi, don ki san abin da matar ta ba ta.

Korah


Preston, 6 ga Satumba

Ichaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fata ka ci wani abu yau.

A waya jiya ihu kawai na yi maka, kai ma ka yi min. Bari in rubuta abin da na kasa faɗa.

Takardarka ta yi kwana ashirin a hanya. Da na kai ƙasa na ga sunan maganin, sai da na sake karanta shi. Ichaya, maganin ciwon damuwa ne. Rabin tsofaffin da ke sashena suna shan sa, da hannuna nake ba su kowace safiya. Ba ya taɓa murya, ba ya fito da gemu. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, wannan ko ɗalibar jinya ta sani. Jirin da aman, ni na jawo mata. Likitar nan ta ga yarinya tana nutsewa ta miƙa mata igiya, ni kuma daga nan na aiko aka tsinke.

Ka rubuta "canji", na karanta abin da nake tsoro. Me ya hana ka rubuta sunan tun farko? Me ya hana ni ɗaga waya in tambaya? Na yi ta karatun shafi sittin a kan 'ya'yan wasu, ban tambayi sunan ƙwayar da tawa take sha ba.

Na kira sau tara kafin ka ɗauka, ashe kana tashar bas kana nuna hotonta. Ka ce washegarin ranar haihuwarta ta tafi, bayan karin safe, da jaka ɗaya, ta bar takarda cewa tana Kochi kada a neme ta. Ka ce ba za ka je ba, wanda ya bar gida da ƙafarsa ya san hanyar dawowa. Wannan ba maganarka ba ce, maganar mutanen kwamiti ce. Na roƙi a matso min da hutuna, sun ce sai tsakiyar Nuwamba.

Ba ta ɗaukar kirana. Na tura mata saƙo cewa laifina ne. Alamar ta nuna ta karanta.

Har yanzu ban yarda a yi mata allura ba, kada ka ɗauka na canza. Ban kuma san ko ina da bakin hanawa ba. Ka je ka ga likitar Kottayam ka ba ta haƙuri a madadina, ka tambaye ta abin da ya kamata.

Aleyamma


Kochi, 28 ga Satumba

Amma,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, ina cin abinci, tunda na san tambayar farko ke nan. Na ga ku da Appa kun koma zamanin takarda, na ce bari ni ma in gwada. A waya za ki yi kuka, in kin yi kuka zan ce miki na fasa, alhali ban fasa ba.

Ina zaune a wani gidan kwana da Sistar nan ta taron coci ta haɗa ni da shi. Appa bai san na je taron ba, ina waje jikin taga. Na sami aiki a gidan burodi, ina naɗe kaya. Na koma kan maganin, wata likita a nan ta sake rubuta min. Jirin ya tafi. Ban riƙe ki a zuciya ba. Na ɗan riƙe, amma yana raguwa.

Amma uwata, kina tsammani ban karanta ba? Na ga takardarki wurin Appa. Rahoton da kika karanta a bas, na riga ki da wata uku. Na karanta masu sukarsa, na karanta masu sukar masu sukarsa. Na kalli mutanen da suka yi allurar suka ce ya ceci ransu, na kalli waɗanda suka yi suka yi nadama, har na san fuskokinsu. Kowa yana da likitansa, kowa yana da lissafinsa. Ni ma tsoro nake ji. In na yi na zama cikin masu nadama fa? In ban yi ba na kai shekara arba'in ina ƙin madubi fa? Babu takardar da ta san ni.

Abin da ya fi min ciwo ba wannan ba ne. Kowa ya ɗauka na bar Yesu. Ban bar shi ba. Ina zuwa coci a nan, babba ce, ba wanda ya san ni. Na je ikirarin zunubi na faɗa wa Fadan komai. Ya ce, "Ɗana, ko 'yata, ka yafe min, ba a koya mana wannan ba. Koyarwar coci ka san ta, ba zan canza maka ita ba. Amma kada ka daina zuwa." Na fito ban san ko an yafe min ba, ko ma akwai abin yafewar.

Ranar sha bakwai ga Oktoba ina da ganin likita a asibitin da ke duba irinmu. Ba allura za a yi ba, magana ce. Sun ce in zo da wani nawa in ina da shi. Ban ce ki gaya wa Appa ba. Ban kuma ce kada ki gaya masa ba.

Ki gaida sanyin ƙasarku. Ki ce wa Ammachi batirin rediyon yana cikin gwangwanin shayi na sama.

Ban san sunan da zan sa a ƙasa ba wanda ba zai sa ki kuka ba.

Ni ne


Pala, 19 ga Oktoba

Aleyamma,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Na je.

Ba don kin ce ba. Ammachi ce ta tashi da asuba ta dafa rogo, ta soya kifi, ta naɗe a ganyen ayaba ta ajiye min a kan takalmina. Ta ce, "In ba za ka kai ba, ka sa ni a bas."

Na wuce Treesa a ƙofar asibitin a Kochi ban gane ta ba. Riga da wando, ta rame, amma idon ya dawo. Ita ta ce, "Appa, wa kake nema?" Na miƙa mata ƙunshin na ce, "Kakarki." Muka zauna a kan dakali ta cinye tas, ina kallo. Ba mu yi maganar komai ba sai kifin.

A ɗakin jira akwai mutum kamar goma. Wani dattijo mai rawani yana zaune kusa da ni da nasa, ya dube ni na dube shi, kowa ya sunkuyar da kai. Can ya matso ya ce, "Kai ma ba ka gane ba ko?" Na ce, "Ko kaɗan." Ya ce, "To, mun zama biyu."

Likitar ba yarinya ba ce, ta yi furfura. Na shiga da tambayoyin da kika faɗa min a waya, na rubuta su a bayan takardar coci. Na ce, "Likita, matata ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, ta ce hujjar ba ta da ƙarfi." Na zaci za ta ji haushi. Ta ce, "Matarka ba ta yi ƙarya ba. Akwai abubuwa da yawa da ba mu sani ba, musamman a kan yara. A kan manya mun fi sani, amma ba kamar yadda nake so ba." Na ce, "To a bari mana." Ta ce, "Barin ma ba mu san ƙarshensa ga wannan yaron ba." Na ce, "Cikin ɗari, nawa ne ke nadama?" Ta ce, "A binciken da ake da shi kaɗan ne, amma masu suka suna cewa an rasa inda wasu suka shiga, ba a ƙirga su ba, kuma suna da gaskiyarsu." Na ce, "In naki ne fa?" Ta cire tabarau ta ce, "Da ba zan yi barci ba, kamar kai."

Ta ce ba za ta rubuta allura yanzu ba. Sai damuwar ta kwanta sosai, sai sun yi wata shida suna ganawa, ta ji komai, har abin da ba ya da alaƙa da wannan. Bayan nan, ta ce, mai shekara sha takwas shi ke da ta cewa, ba ita ba, ba ni ba. Na dubi Treesa ina jiran ta yi gardama. Sai na ga ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Wata shida ya yi." Ashe ita ma ba gudu take so ba, so take wani ya tsaya tare da ita a duba.

Kada ki ɗauka an gama. Ta ce ba za ta dawo Pala yanzu ba. Na ce ni ba zan iya kiran ta da sunan ubana ba, bakina ba zai ɗauka ba. Ta ce, "Ban ce yau ba." Jiya na gaya wa Fada Kuriakose inda na je. Bai yi faɗa ba, ya ce matsayin coci yana nan inda yake, ya ce zai sa mu a addu'a, ya kuma ce gara in huta da zuwa taron kwamiti na ɗan lokaci. Ban san ko hukunci ne ko tausayi ba. Idan wata shidan ya cika ta ce za ta yi, ban san abin da zan yi ba, Aleyamma. Ina roƙon Allah ya canza mata zuciya, wani lokaci kuma sai in ji ina roƙon ya canza tawa, sai in tsorata in yi shiru.

Kafin mu fito, ma'aikacin ya ba mu takarda mu cike. Ta cike nata ɓangaren, ta kare da hannu kada in gani, ni ma ban leƙa ba. Sai ta turo min. A ƙasa an ce wanda za a kira in wani abu ya faru, da dangantakarsa da mai jinya. Na riƙe biro ina karantawa a hankali, don na saba duk tambayar da aka yi min a watannin nan ba ni da amsarta. Ma'aikacin ya ce, "Baba, akwai matsala ne?" Na ce babu. Na rubuta lambata, na rubuta "uba", na danna biron har ya huda takardar.

Ki turo ranar saukar jirginki. Ta ce za ta zo tarbarki, in kin yarda ki gan ta yadda take.

Mijinki,
Korah